Raunin da Ido Ba Ya Gani a Jikin Jirgin Sama

Ranar 6 ga Maris, 2005, wani jirgin Airbus A310 na kamfanin Air Transat ya tashi daga Varadero a ƙasar Kuba ya nufi birnin Kebek na Kanada, ɗauke da mutum 271. Bai daɗe da kaiwa tsayin ƙafa 35,000 ba sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi, jirgin ya girgiza, ya shiga tangaɗi dama da hagu. Matuƙan suka lallaɓa shi suka juya, suka sauka lafiya a inda suka taso. Sai da aka ɗaga kai aka dubi jela a ƙasa sannan aka gane abin da ya faru. Allon da ke bayan jelar, wanda ake karkata hancin jirgi da shi, kusan babu shi. Ya wargaje a sama, ɓaraguzansa sun zube a teku.

Allon nan ba na ƙarfe ba ne. Siraran fatu ne na zaren kabon aka manna a kan wata saƙa mai ƙananan ramuka irin ta zuma, don a samu ƙarfi ba tare da nauyi ba. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta kammala aikinta, ta ce abin da ya fi kama hankali shi ne lahanin ya girmi wannan tafiya, akwai inda fatar ta saki tun tuni. Iskar da ke kulle cikin ramukan tana nan da matsin da ta shiga da shi a ƙasa, alhali a can sama matsin iskar waje bai wuce rubu'in na doron ƙasa ba. Duk tashin da jirgin ya yi, iskar ciki sai ta tunkuɗo fatar, wurin da ya saki ya ƙara faɗi kaɗan. In an sauka kuma fatar ta koma ta kwanta lif kamar ba a yi komai ba. Hukumar ta ƙara da cewa tsarin dubawar da ake bi a lokacin bai isa ya kama kowane irin lahani a allon ba.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shekara da shekaru a kan wannan makanikan jiragen sama suke aiki, domin alminiyam bai iya ɓoye ciwonsa sosai ba. In an buge shi ya lotsa, in ya gaji ya tsage, in laima ta ci shi ya yi fari ya kumbura. Kayan da ake ƙera manyan jirage da su yanzu ba haka halinsu yake ba. Rabin nauyin jikin Boeing 787, wanda ya fara jigila a 2011, haɗin zare da ƙaro ne, abin da injiniyoyi ke kira kampozit. A Airbus A350 da ya biyo baya a 2015, kason ya kai 53 cikin 100. Fukafukai, gangar jiki da jela duk da shi aka yi su. Wanda ya saba bin Ethiopian Airlines daga Abuja ko Legas zuwa Addis Ababa, da wuya a ce bai taɓa zama cikin ɗayansu ba. To yaya aka yi hukumomi suka yarda a zuba mutum 300 cikin abin da zai iya raunata ta ciki alhali fentinsa na ƙyalli? Amsar da ke aiki a yau ita ce tun wurin ƙira an ɗauka cewa raunin yana nan. Wadda ake ta tallatawa ta gobe kuwa ita ce a dasa wa jirgin na'urori, ya riƙa faɗin inda ke masa ciwo da kansa. Ta farkon ta tsaya da ƙafarta, sai dai tana da tsada. Ta biyun tana da amfani, amma ba ta kai inda masu tallarta ke kai ta ba.

Zaren kabon siriri ne ƙwarai, sai an haɗa kamar goma kafin su kai kaurin gashin kai guda. Ana jera dubbansa a shimfiɗe, a jiƙa da wani ƙaro mai suna ifoksi, a samu falle ɗaya wanda kaurinsa bai wuce rubu'in milimita ba. Sai a yi ta ɗora falle kan falle, zaren wannan ya miƙe, na wancan ya gitta, na wani ya karkata da digiri 45, gwargwadon ta inda nauyi zai biyo. Daga nan a gasa cikin wata ƙatuwar tanda mai matsi a zafin kusan digiri 180. Abin da ke fitowa ya fi alminiyam sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, kuma ba ya saurin gajiya. Shi ya sa Boeing ta iya miƙa babban binciken jikin 787 zuwa shekara 12, inda tsoffin jiragenta na alminiyam ke shiga bayan shekara 6. Lagonsa yana tsakanin falle da falle. A can babu zare ko ɗaya da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, ƙaro ne kaɗai ke riƙe da su, shi kuwa ƙaro gautsi gare shi.

Tunanin jure lahani, wato ƙera jirgi yadda zai riƙe ko da rauni a jikinsa, a kan ƙarfe aka gina shi, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a kai gare shi. Dabarar farko ita ce a yanka wa kowane sashe wa'adi, a cire shi kafin ya gaji. A 1954 jiragen Comet biyu na Ingila suka tarwatse a sama, ɗaya a Janairu kusa da tsibirin Elba, ɗaya a Afrilu kusa da Naples, kuma babu wanda ya yi kusa da cika wa'adinsa. A cibiyar bincike ta Farnborough aka tsoma gangar wani Comet cikin ƙaton tankin ruwa, aka yi ta matsa masa ana sassautawa kamar yana tashi yana sauka, har fatar ta tsage daga kusurwar wata taga. Daga nan aka koma ga cewa kowane nauyi ya zama yana da hanya fiye da ɗaya, in wani ƙarfe ya karye maƙwabcinsa ya ɗauka. Wannan ma ya nuna iyakarsa a Lusaka ranar 14 ga Mayu, 1977, lokacin da ɓari guda na jelar kwance ta wani Boeing 707 mai ɗaukar kaya ya ɓalle yana shirin sauka, mutum 6 da ke ciki suka rasu. Tsagar ta daɗe tana ci, maƙwabcin bai riƙe yadda aka zata ba, kuma ba a tsara dubawar da za ta gano ta ba. A 1978 hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta sauya doka: a ɗauka cewa tsaga tana nan, a lissafa saurin cinta, a sa ranakun dubawa yadda za a gan ta tun ba ta kai girman haɗari ba.

Lissafin yana tafiya daidai saboda tsaga a jikin alminiyam a hankali take ci, kuma saurinta sananne ne. Kampozit ya zo da wata matsala daban, kuma bai ɓata lokaci ba wajen nuna ta. A Farnborough ɗin dai aka samar da hanyar yin zaren kabon mai ƙarfi a 1963, kamfanin Rolls-Royce ya karɓa da zumuɗi ya ƙera farfelar injinsa na jirgin sama, RB211, da shi. Farfelar ta ci kowane gwaji na ja da juyi. A 1970 aka harba mata mushen kaza da gudu, gwajin da ake yi don kwaikwayon karo da tsuntsu, sai ta farfashe. Dole aka koma titaniyam, kuma wannan na cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin a Fabrairun 1971.

Ga abin da ke faruwa in abu ya bugi kampozit. Ɗauki sifana mai nauyin kilo 1 da ta suɓuce wa makaniki daga tsayin mita 1 ta faɗa kan fiffike. Fatar za ta ɗan lanƙwashe ta dawo yadda take, domin zaren kabon ba ya lotsawa ya tsaya kamar ƙarfe. Amma a cikin wannan ɗan lanƙwasa ƙaron ciki na iya tsattsagewa, fallayen su rabu da juna. Rabuwar takan yi faɗi ne yayin da take nutsawa, ƙarama a sama, babba a ƙasa, ta yadda mafi munin ɓarnar na can ta bayan fatar, inda ba wanda ke kallo. A fuska abin da ya rage shi ne 'yar loɓawa da ba ta kai milimita ɗaya ba, ita ma takan ragu bayan 'yan kwanaki.

In jan wurin ake yi, da sauƙi, domin zaren na nan bai tsinke ba. Matsalar tana wurin dannawa. Fata mai kauri da fallayenta ke manne tana jure danniya, amma da zarar ta rabu ta zama siraran fallaye masu zaman kansu, kowanne sai ya nemi tanƙwarewa shi kaɗai, tanƙwarar kuma ta ƙara ɓamɓare gefen raunin. Fatar saman fiffike kuwa a danne take muddin jirgi na sama, tunda iska na ɗaga fiffiken tana lanƙwasa shi. Gwaje-gwaje sun sha nuna cewa bugun da da ƙyar ake ganin tabonsa na iya cinye rabin ƙarfin jure danniya na wurin. Wani abin kuma, irin wannan rauni ba ya ci a hankali kamar tsagar ƙarfe. Yana iya zama shekaru bai motsa ba, in kuwa nauyi ya haura wani mizani ya fara motsi, gudunsa ba ya lissafuwa yadda za a dogara da shi. Abin da ba a san saurinsa ba, ba a iya yanka masa ranar dubawa.

Mafitar da masu ƙira da hukumomi suka tsaya a kai ita ce kada a bar raunin ya ci ko kaɗan. Akwai nauyi mafi girma da ake tsammanin jirgi zai gamu da shi a duk rayuwarsa, kamar a guguwa mai tsanani, shi ne cikakken nauyin aiki, kuma doka ta ce jikinsa ya iya ɗaukar wannan nauyi sau ɗaya da rabi. Jagorar da FAA ta sabunta a 2009, wadda takwararta ta Turai EASA ke da irinta, ta ce sashen kampozit da ke ɗauke da raunin da ido bai cika gani ba dole ya ci gaba da ɗaukar wannan ninki ɗaya da rabi har ranar da za a yi wa jirgin ritaya, ko da ba a taɓa gano raunin ba. Ba a takarda kawai ake nuna hakan ba. Ana farawa da dubban ƙananan gutsattsari, wasu a jiƙa su a zafafa domin laima da zafi na rage ƙarfin ƙaro, a hau zuwa manyan sassa, har a kai ga cikakken fiffike ko ganga. Sai a bubbuge shi da gangan a wuraren da aka fi tsoro, a ɗaure shi a injin da zai yi ta lanƙwasa shi fiye da yadda zai gani a tsawon aikinsa, a duba a tabbatar raunukan ba su ƙaru ba, sannan a ɗora masa nauyin ƙarshe.

Ba a banza ake samun wannan kwanciyar hankali ba. Zaren kabon na iya miƙewa da kashi 1.5 cikin 100 na tsawonsa ko fiye kafin ya tsinke, amma masu ƙira kan tsayar da shi a wajen kashi 0.4. Wato kusan rubu'in abin da zaren zai iya ake mora, sauran an bar shi ne saboda sifanar da wataƙila ta faɗi ba wanda ya gani. Wannan ƙarin kauri nauyi ne, nauyi kuwa mai ne da ake ƙonawa kullum na shekara 25 ko 30. Duk maganar dasa na'urori a jikin jirgi daga nan ta samo kuɗin bincikenta.

Raunukan da suka fi wannan girma an kasa su mataki-mataki. Wanda za a gani a dubawar da aka tsara, jiki ya riƙe cikakken nauyin aiki har ranar. Wanda ke bayyane ga duk mai zagaya jirgi, ya riƙe na 'yan tafiye-tafiye. Wanda matuƙi ya san da faruwarsa, kamar karo da tsuntsu ko fashewar inji, ya riƙe har a sauka. Matakin ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin ba a ƙera jirgin don ya jure shi ba sam. Misalinsa motar lodin kaya ko ta abinci ta kufce ta tokari gangar jirgi. Gaban irin waɗannan motoci roba ce mai laushi, don haka ba ta huda fata, tura ta take yi a faɗi. Fatar kampozit na iya shiga ciki ta dawo ras, alhali haƙarƙarin da ke bayanta da maɗauransa sun karye. Da alminiyam ne, lotsawar za ta tona asirin direban ko ya yi shiru. A nan babu shaida. Ƙa'idar ta dogara ne kacokan a kan cewa wanda ya yi bugun zai buɗe baki ya faɗa, a tsayar da jirgi a duba.

Sai a tuna wane ne wannan mutum. Galibi ma'aikacin kamfanin 'yan kwangila ne, albashinsa ƙarami, ana ƙirga masa mintuna, ya kuma san cewa tsayar da jirgi asara ce ta miliyoyi da za a nemi wanda za a ɗora wa. In a wurin aikinsa duk wanda ya kai rahoton kansa korarsa ake yi, to shiru zai yi, kuma ba na ganin laifinsa ya kai na wanda ya kafa wannan doka. A nawa ganin, horar da ma'aikatan ƙasa da ba su tabbacin cewa faɗin gaskiya ba zai raba su da abincinsu ba, wani ɓangare ne na ƙarfin jirgin, daidai da kaurin fatarsa.

Kada a ɗauka duk karyewar kampozit laifin ɓoyayyen rauni ne. Ranar 12 ga Nuwamba, 2001, wani Airbus A300-600 na American Airlines ya faɗi a unguwar Queens ta Niyok jim kaɗan bayan tashi, mutum 265 suka mutu, 5 daga cikinsu a ƙasa. Jelar tsaye ce ta ɓalle daga maɗauranta na kampozit, nan take aka fara zargin kayan. Bincike ya nuna mataimakin matuƙi ya yi ta taka fedar da ke juya allon jela dama da hagu bayan sun shiga iskar da wani babban jirgi ya bari, tsarin fedar da irin horon da aka ba shi suka taimaka, har nauyin ya kai kusan ninki biyu na wanda ake tsammani. Ko jelar ƙarfe ba a ƙera ta don wannan ba. Amma binciken ya tono wani abu. A 1997 wani jirgi irinsa na kamfanin ya sha matsanancin juyi a sama, aka duba shi da ido aka sallame shi. Sai a 2002 aka kwance jelarsa aka bi ta da na'ura, aka samu rabuwar falle a ɗaya daga maɗauran. Kusan shekara 5 yana jigila da ita. Mai kare kampozit zai ce ga shaidar juriya, mai suka ya ce ga shaidar makanta, kuma duk su biyun suna da gaskiya.

Hanyar dubawa mafi tsufa ita ce wadda mai sayen tukunyar ƙasa ke bi a kasuwa, ya ƙwanƙwasa ya saurara, mai lafiya ta yi ƙara garau, mai tsaga ta yi dum. Makanikan jirgi ma haka suke yi da sulalla ko 'yar guduma, kuma tana aiki a siririyar fata. A mai kauri sai an koma ga sautin da kunne ba ya ji, irin wanda ake yi wa mai ciki hoto da shi. Ana tura shi cikin fatar, in ya dawo da wuri an san ya ci karo da rabuwa a hanya. Akwai kuma haska wurin da zafi a kalli yadda yake hucewa da kyamara. Duk suna da kyau, amma sai an san inda za a duba. Faɗin fukafukan 787 mita 60 ne, ba wanda zai bi su taƙi-taƙi kowane dare, wasu wuraren ma sai an kwance kujeru da bene kafin hannu ya kai.

Akwai kuma lahanin da har yau babu na'urar da ke kama shi yadda za a amince. Sassa biyu da aka manna suna iya haɗuwa tsaf, babu ko kafar iska a tsakaninsu, amma mannin bai kama ba saboda ɗan maiƙo ko laima a ranar aikin. Sauti zai ratsa ya wuce ya ce lafiya lau. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin ƙusoshi jere a jikin jirgin da za a iya mannawa, duk da cewa kowace huda tana yanke zare. Shi ne kuma ya sa hukumomi suka taƙaita girman facin da za a manna a muhimmin wuri: kada ya wuce yadda in ya ɓare gaba ɗaya sauran jikin zai riƙe nauyin aiki. Babban gyara dai yana yiwuwa. Wani 787 na Ethiopian Airlines da batirin na'urar neman agajinsa ya kama wuta yana ajiye a filin jirgin Heathrow na Landan ranar 12 ga Yuli, 2013, an yanke saman gangarsa da ya ƙone an ɗora faci, ya koma aiki kafin ƙarshen shekarar. Sai dai aikin watanni ne, da ƙwararrun kamfanin da ya ƙera shi.

Sa ido kan lafiyar jirgi da na'urorin da ke jikinsa ya fara kankama ne a jirage masu saukar ungulu. Bayan wani Chinook ya faɗi kusa da Sumburgh a tsibiran Shetland a Nuwambar 1986 saboda lalacewar giyar da ke juya farfelarsa, mutum 45 suka mutu, aka fara sa wa jiragen da ke jigilar ma'aikatan haƙar mai a Tekun Arewa na'urorin jin girgizar giya. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne kumbon Columbia. Ranar 16 ga Janairu, 2003, kimanin daƙiƙa 82 da tashi, wani gutsuren soso da bai kai kilo 1 ba ya ɓalle daga tankin mai ya bugi bakin fiffiken hagu, wanda aka yi da wani nau'in kampozit na kabon mai jure zafi. An ga bugun a hoto, amma ba a san me ya bari ba, shugabanni suka yanke cewa soso ba zai yi wata ɓarna ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, 'yan sama-jannati 7 suka mutu. Kafin a sake tashi a 2005, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta dasa na'urorin jin bugu 66 a kowane fiffike. Aikinsu bai wuce su ce an bugi wuri kaza a lokaci kaza ba, ragowar kuma a je a duba da kyamara.

Na'urorin da ake gwadawa a jiragen fasinja iri-iri ne. Akwai ɗan faifai da bai fi maɓallin riga ba, wanda in an ba shi wuta yakan motsa, in an motsa shi yakan ba da wuta. Ana manna su a jere, ɗaya ya aika girgiza ta cikin fata sauran su karɓa, a gwada da yadda saƙon ke isowa lokacin da wurin ke lafiya. Akwai zaren gilashi irin na intanet da aka yi wa ƙananan zane a ciki, kowane zane yana maido da launin haske guda, in fatar ta miƙe launin ya sauya, kuma zare ɗaya na iya ɗaukar wuraren awo da yawa. Akwai masu saurare kawai, suna jiran ƙarar tsinkewar zare. A ɗakin gwaji duk suna aiki, an fi shekara 25 ana taro a kansu a jami'ar Stanford.

Me ya hana su cika jirage? Fatar jirgi na iya tashi daga zafin rana a filin saukar hamada ta shiga sanyin digiri 50 ƙasa da sifiri cikin rabin sa'a, kuma sauyin da zafi ke yi wa saƙon na iya fin wanda ƙaramin rauni ke yi. Na'urar ma manna ta aka yi, tana iya saki kafin abin da take gadi ya saki. In an binne ta cikin fallaye ta zama baƙon abu a tsakiyar fata, in ta mutu kuma ba a ciro ta. Wayoyi da akwatunanta suna cin wani kaso na nauyin da aka ce za a rage. In ta cika ƙarya kamfani zai yi ta tsayar da jirage a banza har ma'aikata su daina jinta. Babbar matsalar dai ita ce shirunta. Ma'aunin da aka saba a sana'ar shi ne hanyar dubawa ta kama rauni mai girma kaza sau 90 cikin 100, da tabbacin kashi 95. Ga na'urar hannu ana iya nuna haka da samfura masu yawa da masu dubawa da yawa. Ga wadda aka kafe wuri ɗaya, sakamakon ya danganta da inda raunin ya faɗo, da siffar wurin, da shekarun na'urar, har gwajin da ake buƙata ya kusa fin ƙarfin aljihu.

Inda aka ci nasara yana nuna iyakar abin. A 2014 Delta Air Lines da cibiyar bincike ta Sandia suka manna wa jiragen 737 guda 7 wasu 'yan faci masu siraran hanyoyi da aka zuƙe wa iska, in tsaga ta ratsa ƙarƙashinsu iska ta shiga a gane. Sai a 2022 FAA ta ba da takardar amincewa a yi amfani da irinsu wajen duba kewayen eriyar intanet ta 737-800. Wannan kuwa a kan alminiyam ne, a wurin da aka riga aka san ta inda tsaga za ta fito. Raunin kampozit yana iya faɗowa ko'ina, kuma a ciki yake.

Ko na'urar ta ji, sai an samu mai saurare. Ƙaramin jirgin nutso Titan, mai gangar zaren kabon, wanda ya murƙushe a hanyar zuwa ɓaraguzan jirgin ruwan Titanic ranar 18 ga Yuni, 2023 da mutum 5, yana ɗauke da na'urorin sauraro da na awon miƙewa, kuma da su masu shi ke kare ƙin kai shi a tantance. Binciken rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka da ya fito a 2025 ya nuna cewa tun a wani nutso na 2022 an ji ƙara mai ƙarfi, alƙaluman na'urorin suka sauya daga ranar, amma ba a tsaya an binciki gangar ba. Ba jirgin sama ba ne, kuma babu hukumar jiragen sama da za ta bari a yi haka, amma ya nuna abin da kan biyo baya in aka sa na'ura a gurbin gwaji.

Don haka ni dai ban ga ranar da za a rage kaurin fiffike saboda an dasa masa na'urori ta kusa ba. Yin haka yana nufin na'urar ta zama ɗaya daga ginshiƙan da ke riƙe da jirgin, mutuwarta ta zama daidai da karyewar ƙarfe, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta kai wannan. Abin da ke hannu ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi amfani a yanzu: na'urar da ke hana kwance bene don duba lungu guda, da wadda ke kewaye da ƙofofin kaya da na fasinja, inda motoci ke yawan tokara, tana rubuta lokacin bugu da wurinsa da ƙarfinsa ko direba ya faɗa ko bai faɗa ba. Buƙatarta ƙaruwa za ta yi. Manyan jirage kamar 787 sau ɗaya ko biyu suke sauka a rana. Kampozit kuwa ya fara gangarowa ƙanana: fukafukan A220, irin wanda Ibom Air ke amfani da shi, na kabon ne, Airbus kuma tana gwada fiffiken kabon don jirgin da zai gaji A320. Irin waɗannan sau biyar ko shida suke sauka a yini, kowace sauka da motar kaya, da matakala, da tankar mai a jikinsu, sau da yawa a filayen da babu mai na'urar duba kampozit a kusa.